Maraɗi Kusa, Jami'arta Nesa

Duk wanda ya tashi a Kura ya san mutanen Nijar tun kafin ya san akwai wata ƙasa mai wannan suna. Kakanninmu marina ne da mabuga. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa har ya bar musu shuɗi a kumatu, daga karofin garin nan yake fita, ya bi ta Damagaram ya isa Agadas. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya shigo gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, sai hulɗar ta sake salo. Yanzu 'yan ci-rani ne ke gangarowa daga Tasawa da Matamai da Magarya, su yi dashen shinkafa, su tsinki tumatir a Kadawa, su yi lodin kwanduna a Kwanar Gafan. Wasu sun zauna sun yi aure, jikokinsu na cikin ajin da nake koyarwa.

Ni malamin sakandare ne, ina kuma taɓa noman rani a wajen Karfi kamar kowa a nan. Da yake ana ganin na san kan takarda, iyaye kan kawo mini sakamakon 'ya'yansu in duba musu inda za a nufa. A nan na gane cewa iyakar da ba ta hana rago ko buhun wake ko amarya wucewa, ita ce ke tsayawa ƙyam idan takardar makaranta ta zo. Yaron Banjul ko na Firitawun, wanda bai taɓa jin Hausa ba, ya fi yaron Maraɗi samun sauƙin shiga Jami'ar Bayero. Yaron Dakar kuma ya fi yaron Kura, kai har na Jibiya da ke iya ƙetarawa Ɗan Isa a Nijar ya dawo kafin azahar, samun sauƙin shiga jami'ar gwamnati ta Maraɗi. Abin yana damuna ƙwarai, kuma ya kamata iyaye su san musabbabinsa kafin su sayar da shanshera su damƙa kuɗin a hannun dillali.

Mu fara da namu. Yaro ya gama sakandare, ya zauna WAEC ko NECO, ana son ya fito da kiredit biyar, da Turanci a ciki, da Lissafi in fanninsa na buƙata, a zama ɗaya ko biyu. Wannan takarda ba ta shigar da kowa jami'a, izinin shiga layi kawai take bayarwa. Layin na hukumar JAMB ne, wadda aka kafa a 1978. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, sai mutum ɗaya ya samu gurbi a wuri biyu ko uku, wani ya tashi a tutar babu. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole ne a ciki, tambayoyin duk na canki-canka, jimillar maki 400. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Ina da ɗalibai masu kaifin kai daga ƙauyukan Bunkure waɗanda ba su taɓa daɗewa a gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawar, kuma makinsu yakan nuna haka.

A 2025 kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba. A shekarar an yanke 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma mai neman likitanci ko lauya a Bayero ko ABU Zariya da maki 150 ya san bai ma kama hanya ba. Bayan JAMB jami'a ta yi nata tankaɗen, sannan sunan yaro ya bi ta manhajar CAPS da aka shigo da ita a 2017. Gurbin da bai fito a CAPS ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya ba ka shi.

Akwai kuma rabon da iyaye da yawa ba su sani ba. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe cancanta zalla ake dubawa. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa an bari a baya a karatun boko, kuma Kano na cikinsu. Ke nan fiye da rabin gurabe an ɗaure su da tambayar ɗan wace jiha ne kai. An yi tsarin ne don a raba arziki tsakanin 'yan gida, kuma mu 'yan Arewa mun ci moriyarsa. Baƙo kuwa ba shi da jiha. Hanyarsa dabam ce, kuɗin da ake yanka masa dabam ne, wasu jami'o'in ma da dala suke lissafa masa.

Ƙetare iyaka ka ga wani ginin na dabam tun daga tushe. Yaron Nijar yana yin shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji, ya zauna jarrabawar BEPC, sannan uku a lise. Shekara 13 ke nan, namu 12. A ƙarshe sai Bakaloriya, wadda kowa ke kira Bak. Tun a lise aka raba yara gida-gida: A na adabi da harsuna, C na lissafi da kimiyyar fiziks, D na kimiyyar halittu. Babu canki-canka. Alƙalami za ka ɗauka ka yi ta rubutu na sa'o'i, har da darasin falsafa da mu ba mu san shi a sakandare ba. Ana ba da maki bisa 20, kowane darasi da nauyinsa gwargwadon gidan da kake, a haɗa a raba. Wanda ya kai 10 ya haye. Wanda ya kusa, a ba shi zagaye na biyu. Daga 12 zuwa sama akwai yabo hawa-hawa da ake rubutawa a jikin takardar, kuma shi ke buɗe ƙofar tallafin karatu da manyan fannoni.

Bak gadon Faransa ce, tun 1808 zamanin Napoleon, kuma a al'adarsu ba takardar gama sakandare ba ce kawai, ita ce matakin farko na jami'a. Saboda haka wanda ya ci ta yana da haƙƙin ya yi rajista a jami'ar gwamnati. Babu wata hukuma irin JAMB da za ta sake tare shi, sai dai fannoni irin su likitanci da makarantun koyon aiki da ke zaɓar masu maki mai kyau ko su shirya gasar shiga tasu. Kada wani ya ɗauka sauƙi ne. A shekaru da dama na baya-bayan nan, waɗanda suka ci Bak ba su kai ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna ba. Mu da ke noman rani mun san bambancin a tare ruwa tun daga babbar kanal da a sake shi ya taho sai a bakin gona a ce a bi layi. Nijar tun daga sama take tarewa, mu a bakin gona muke cunkoso. Su ma suna da nasu ciwon: ɗakunan karatu cike maƙil, da shekarun karatu da ke hawa kan juna saboda yajin aiki da jinkirin alawus.

Shekaru kusan arba'in Nijar jami'ar gwamnati ɗaya gare ta, wadda ta faro a Yamai a 1971, aka sa mata sunan masanin kimiyyar hasken rana Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka ƙara uku a ƙasar Hausa da kewayenta: ta Maraɗi mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta Damagaram mai sunan Andre Salifu, ta Tawa mai sunan masanin tarihi Jibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Digirin farko, wanda suke kira lisans, shekara uku ne, sai masta biyu, sai dakta uku. Mutanenmu kan ji shekara uku su raina, alhali in ka haɗa 13 da 3 ka samu 16, daidai da namu 12 da 4. Tafiyar ɗaya ce, inda aka yanka ta ne ya bambanta. Amma wannan shekara ɗaya da ke yawo tsakanin sakandare da jami'a ita ce ke sa kowane ɓangare ya ga takardar ɗan'uwansa ba ta cika ba.

Sai kuma maganar ƙungiya, wadda a ganina ita ce gindin matsalar. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta haɗa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, daga baya Laberiya ta shigo. Sakamakon yaron Gambiya irin na yaron Kura ne sak, jami'in ɗaukar ɗalibai a Kano yana ganinsa ya gane, yana ma iya tabbatar da shi a intanet da katin da ake kankarewa. JAMB tana da wuraren jarrabawa a waje, a birane irin su Akra da Kwatano da Jidda da Landan. Nijar kuma tana cikin wani dangin. Akwai majalisar CAMES da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke daidaita darajar digiri da ƙarin girman malaman jami'a tsakanin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Akwai kuma UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kashe sefa a Afirka ta Yamma, wadda ta fitar da ƙa'ida a 2005 cewa ɗalibin kowace ƙasa a cikinsu a ɗauke shi daidai da ɗan gida wajen sharuɗɗan shiga da kuɗin rajista a manyan makarantun gwamnati. Ɗan Senegal ko Togo ko Mali yana da wannan inuwa a Maraɗi. Bakano da Bakatsine ba su da ita, domin Najeriya ba ta cikin ƙungiyar. Turawan Ingila da na Faransa sun tafi a shekara ɗaya, 1960, amma kowane ya bar makarantarsa tana kallon 'yan'uwanta na nesa, ta ba maƙwabciya baya.

Wani dattijo mutumin Tasawa, wanda ya daɗe yana haɗa mana ma'aikatan dashe, ya taɓa zuwa mini da ɗan ƙanensa. Ya ce, “Malam, ga yaronka. Ya ci Bak ta D, har da yabo. So nake ya zauna a gabana ya yi karatun noman ban-ruwa a Kano, tunda ga gonar ga ruwan.” Yaron natsattse, lissafinsa ya fi na yawancin 'yan ajin ƙarshe da nake koyarwa. A ƙa'ida hanya tana nan, domin akwai jami'o'in Najeriya da ke ɗaukar Bak a matsayin takardar da ta kai a shiga aji biyu kai tsaye, abin da ɗalibai ke kira DE. Amma kafin a kai nan sai an fassara takardunsa zuwa Turanci a wurin da aka yarda da shi, sai an tantance darajarsu, sai ya nuna shaidar ya iya Turanci tunda ba shi da kiredit ɗin da ake nema, sai takardar zama, sai kuɗin baƙo. Mai shagon kwamfutar da muka je wurinsa a Kano bai taɓa ganin takardar Bak ba, ya yi ta juya ta bai san gidan da zai sa ta ba. Wani da ke zaune a shagon ya kawo shawarar da kowa ya san ana bi: yaro ya nemi takardar shaidar ɗan asalin wata ƙaramar hukuma, ya zauna NECO ta masu zaman kansu, ya yi JAMB a matsayin Bakano. Dattijon ya girgiza kai ya ce, “A'a Malam, ba zan sa yaro ya fara neman ilimi da ƙarya ba.” Yaron ya koma Maraɗi ya yi rajista. Bai yi asara ba, amma mu mun yi. Kuma ban ga laifin kowa ba kamar na tsarin da ya sa karkatacciyar hanya ta fi miƙaƙƙiya sauƙi.

Yaron Kura mai WAEC da ya nufi jami'ar gwamnati a Nijar, shi ma irin wannan katangar zai tarar, ta ɗaya fuskar. Sai ofishin da ke kula da Bak da daidaita takardu a Yamai ya auna tasa takardar, ga maganar shekara 12 da 13, ga kuɗin baƙo. Babban dutsen kuwa Faransanci ne. A kasuwar Maraɗi da tasha da masallaci Hausa za ta kai shi ko'ina, amma da ya shiga ɗakin lacca sai ya zama kurma. Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a 1996, akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri tun 1991, sai dai a makarantun gwamnati na yankinmu da wuya ka samu malamin Faransanci ko ɗaya.

Shi ya sa in ka ji ɗan unguwarku ya ce yana karatu a Nijar, galibi jami'a mai zaman kanta yake nufi, wadda ke koyarwa da Turanci. Wadda aka fi sani ita ce Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi, wadda Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa a 2013. Dalilan da ke jan iyaye ba ɓoyayyu ba ne. Da WAEC ko NECO ake nema kai tsaye. Babu yajin aikin ASUU, wanda ya cinye wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Ga shi gari ne na Hausawa Musulmi, uba yana iya barin 'yarsa can hankalinsa kwance, in ya yi sammako daga Kura ya bi ta Katsina da Jibiya ya same ta a ranar. A 2021 an buɗe 'yar'uwarta a Kano da lasisin hukumar jami'o'i ta NUC. Suna ɗaya, mai kafawa ɗaya, amma ta Kano sai ta hannun JAMB ake shigarta, ta Maraɗi kuwa dokar Nijar ke kanta, kuma wanda ya gama can takardar ƙasar waje ya riƙo. Abin da ya sauya lissafin iyaye a 'yan shekarun nan shi ne canji. Jakar sefa da a da ba ta kai naira dubu ɗaya ba, bayan faɗuwar naira daga 2023 ta haura dubu biyu. Haya da abinci da mota duk suka ninka ba tare da kowa ya ƙara ko sisi a can ba.

Akwai hanya ta uku da 'yan boko kan manta, ta Larabci. Jami'ar Musulunci ta Say, kudu da Yamai, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa aka buɗe ta a 1986, don ɗaliban yankin nan baki ɗaya aka yi ta, ba don 'yan Nijar kaɗai ba. Wanda ya fito daga makarantun Larabci na Kano harshe ba zai tare shi a can ba. Haka Jami'ar Sarki Faisal da ke Injamena, haka Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum, wadda yaran Kano da Jigawa suka cika kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka kwaso su ta Masar da Port Sudan, wasu saura musu shekara ɗaya su gama.

In kuma Gana aka nufa, ita ba ta da hukuma irin JAMB. Fom ɗin jami'ar da kake so za ka saya, ko Legon ko Kumasi ko Tamale. Ana ɗaukar darussa shida daga sakamakon WAEC, uku na dole uku na fanninka, A1 maki ɗaya, B2 biyu, haka har ƙasa, a tara. Mai ƙaramar jimilla shi ne gwani, 6 ita ce ƙololuwa. Takarda ba matsala, harshe ba matsala, amma kuɗin baƙo da dala ne, kuma mai NECO ya fara tambaya kafin ya sayi fom. Kamaru kuwa duka tsarin biyu na cikinta: Buweya da Bamenda da Turanci suke koyarwa, suna neman GCE babban mataki, Marwa da Ngaundere da ke kusa da mu Faransanci ya fi ƙarfi.

To, shiga dabam, dawowa dabam, kuma a dawowar aka fi kuka. Duk takardar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin a je bautar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya zauna jarrabawar majalisar likitoci ta MDCN kafin ya taɓa mara lafiya. Ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna kowa da tasa majalisar. Wanda ya karanta shari'a a waje sai ya yi wani zango na share fage a makarantar horar da lauyoyi kafin ya haɗu da sauran.

A ƙarshen Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya ba da labarin yadda ya sayo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ko sau ɗaya ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce jami'o'i takwas kawai aka amince da su a ƙasashen biyu, biyar a Benin uku a Togo, kuma takardun bogi da aka gano sun haura 22,000. Ba duk wanda abin ya shafa ne ya sayi takarda ba. Akwai yaran da suka je suka zauna, suka yi karatun da gaske a makarantun da ba su san ba su da rajista ba. Ɗan wani maƙwabcina na cikinsu. JAMB ta ƙi shi shekara biyu a jere, sai ga dillali ya zo daidai lokacin girbin shinkafar damina, lokacin da kuɗi ke hannun manomi, sunayen waɗanda suka samu gurbi kuma suka gama fita. Ba a banza suke zuwa a wannan lokacin ba. Uban ya sayar da amfanin shekara ya biya, ya yi ta biya har yaro ya gama. Yau takardar na cikin akwati, yaron yana aiki a injin gyaran shinkafa. Ba aikin ne abin kunya ba, da shi garin nan ke ci, amma ba don shi aka kashe wannan dukiya ba.

A rubuce, shugabanni sun daɗe da warware matsalar. ECOWAS tana da yarjejeniyar amincewa da takardun karatun juna tun 2003, Afirka baki ɗaya tana da ta Addis Ababa ta 2014. Ba su sauko sun iso teburin mai karɓar fom ba. Sai kuma ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, ɗalibanmu na Maraɗi suka riƙa bin hanyoyin daji a kan babura don su je su dawo. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Duk da haka akwai abubuwa biyu da ke ba ni ƙarfin gwiwa. Ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. Kuma kundin mulkin da Nijar ta kafa a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Mu manoman rani mu ya kamata mu fi kowa matsa wa wannan magana. A Jiratawa, kusa da Maraɗi, akwai filin noman ban-ruwa da ke fama da irin abin da muke fama da shi: kanal ta cike da yashi, rigimar rabon ruwa, kasuwa ta faɗi ranar girbi. Manoman ƙasar Maraɗi ne suka nuna wa duniya sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake tofo a cikin gona, har ƙasar da ta zama fako ta farfaɗo. Jami'ar Maraɗi tana da tsangayar aikin gona da muhalli, Yamai tana da cibiyar AGRHYMET da ke horar da masana ruwa da yanayi tun 1974. Mu kuma muna da aikin ban-ruwa na kogin Kano, da tashar bincike ta Kadawa, da injinan shinkafa da ba su da irinsu. Kowa yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ke buƙata. An kuma gwada an ga yana yiwuwa: cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da ta samu tallafin Bankin Duniya a 2014, tana ɗaukar ɗaliban masta da dakta daga ƙasashen maƙwabta, har da masu Faransanci, domin an sa hakan cikin sharuɗɗan aikinta tun farko. Inda aka yi niyya, takarda ba ta gagara ba.

Roƙona ga shugabannin Jami'ar Bayero da ta Wudil da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram shi ne su sauko da wannan niyya zuwa digirin farko. A ware gurabe na musaya, a buɗe ajin harshe na shekara ɗaya a kowane ɓangare, a fitar da takarda ɗaya da Hausa mai bayyana abin da mai Bak zai yi in yana son Kano da abin da mai WAEC zai yi in yana son Maraɗi. Wannan bai fi ƙarfin jami'a da gwamnatin jiha ba, kuma ba sai an jira Abuja da Yamai sun gama shiryawa ba.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, kafin ku biya ko kwabo, ku tabbatar ƙasar da makarantar take ta yi mata rajista, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kuma ta san da ita, majalisar sana'ar da yaro zai karanta tana karɓar ɗalibanta. Ku taka da ƙafarku ku ga ajin da malaman, kada ku tsaya ga hoton da dillali ya nuna muku a waya. Ku biya a asusun makaranta, ku riƙe rasit. A yi wa yaro fasfo, kuma duk shiga da fita ya bi ta bakin iyaka a buga masa hatimi, domin ranar tantancewar bautar ƙasa za a nemi a gani.